Lacca: Yadda Aka Ƙera Na'urar Numfashi ta Sojojin da Ke Nutso Su Kwance Nakiyar Teku

Nakiyar teku ta zamani ba ta jiran jirgi ya taɓa ta kafin ta tashi. Ana jefa ta ta kwanta a ƙasan ruwa, cikin laka ko yashi, ta yi ta sauraro wata da watanni. Abubuwa uku take sauraro. Na farko maganaɗisu, domin jirgin da aka ƙera da baƙin ƙarfe yakan ɗan karkatar da maganaɗisun ƙasa a duk inda ya bi. Na biyu ƙara, wato rugugin inji da kaɗawar farfela. Na uku canjin matsin ruwa da ke faruwa idan babban jirgi ya wuce ta sama. Akwai wadda sai alamu biyu ko uku sun haɗu take fashewa, akwai kuma wadda aka saita ta ƙyale jiragen farko su wuce, ta jira na biyar ko na goma. Sojan da aka tura ya gano irin wannan nakiya, ya kwance ta ko ya ɗana mata abin da zai tarwatsa ta, dole ya matso kusa da ita har hannunsa ya kai. Saboda haka kayan da ke jikinsa, musamman na'urar da yake numfashi da ita, tilas su kasance abin da nakiyar ba za ta ji ba.

Kayan nutso na yau da kullum ba su dace da wannan aiki ba. Mai nutson shaƙatawa yana goye da tukunyar iska, ya shaƙa, ya fesar da numfashinsa cikin ruwa. Bawul ɗin da ke ba shi iska yana yin tsaki duk shaƙa, kumfan da ke fita kuma yana tashi da ƙara mai tafiya nesa, tunda sauti a cikin ruwa ya fi na sarari gudu fiye da sau huɗu. Ga kuma asarar iska. Duk zurfin mita 10 yana ƙara wa jiki matsi daidai da na iskar da ke doron ƙasa, wato bar ɗaya. A mita 50 mutum yana ƙarƙashin bar 6, kuma kowace shaƙa tana cin ninki shida na abin da take ci a sama. Mai aikin da ke shaƙar lita 30 a minti ɗaya a bakin gaɓa zai ci lita 180 a can ƙasa. Tukunya mai lita 12 da aka cika zuwa bar 200 tana ɗauke da lita 2,400, ke nan ko rubu'in awa ba za ta kai shi ba, ba a ma yi lissafin hawowa ba.

Abin mamaki shi ne mafi yawan wannan iska jiki bai amfana da ita ba. Iskar da ake shaƙa tana da oksijin kashi 21 cikin ɗari, wadda ake fitarwa kuma tana da kusan kashi 16. Abin da jiki ke ƙonawa ya dogara ne da nauyin aiki, zurfi ba ya ƙara shi: kusan sulusin lita a minti idan ana hutawa, lita biyu zuwa uku idan aiki ya yi tsanani. A kan wannan aka gina na'urar juya numfashi. Mai nutso yana fesa numfashinsa cikin tiyo, numfashin ya ratsa wani gwangwani cike da tsakuwoyin sinadari masu tsotse iskar kabon, ya shiga jakar roba, a ƙara masa oksijin daidai da wanda aka ƙona, ya dawo baki ta ɗaya tiyon. Da wannan dabara ƙaramar tukunya mai lita 2 a bar 200, wato lita 400 na oksijin, takan ishi mai aiki matsakaici sama da awa huɗu, ko a wane zurfi yake. Kumfa kuma babu, ko kuma kaɗan ne ƙwarai.

Dabarar ta girmi nakiyar maganaɗisu nesa ba kusa ba. Henry Fleuss, wani Bature ɗan Ingila, ya yi rajistar na'urarsa a 1878, inda ya yi amfani da zaren igiya da aka jiƙa da sinadarin potash don tsotse iskar kabon. A 1879 ruwa ya cika ramin jirgin ƙasa da ake haƙawa a ƙarƙashin kogin Severn, a 1880 kuma mai nutso Alexander Lambert ya goya na'urar Fleuss ya yi tafiyar kusan mita 300 cikin duhu ya rufe ƙofar ruwa. Daga baya Robert Davis na kamfanin Siebe Gorman ya ƙera ƙaramar na'ura don ma'aikatan jirgin ƙarƙashin ruwa su tsere da ita idan jirginsu ya nutse, kamfanin Dräger na birnin Lübeck a Jamus shi ma yana ƙera nasa.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya haɗa na'urar da nakiya. A watan Nuwamban 1939 wani jirgin saman Jamus ya jefa nakiyar maganaɗisu ta faɗa cikin laka a Shoeburyness, a bakin kogin Thames, inda ruwa ke janyewa. Laftanar Kwamanda John Ouvry na sansanin HMS Vernon ya kwance ta da kayan aikin da ba su da baƙin ƙarfe, aka buɗe cikinta aka ga yadda take aiki. A 1940 nakiyar sauti ta bayyana, a 1944 kuma mai jin matsi. A ɗaya ɓangaren, sojojin ruwan Italiya sun nuna abin da mutum mai na'urar oksijin zai iya yi: a Disambar 1941 mutum shida suka shiga tashar Iskandariya ta ƙarƙashin ruwa suka nakasa manyan jiragen yaƙin Birtaniya biyu, Queen Elizabeth da Valiant. A Jibralta, Lionel Crabb da mutanensa suna lalube ƙasan jirage suna neman bama-baman da ake mannawa, kuma ba su da wata na'ura sai ta Davis, wadda don tsira aka yi ta, ba don aiki ba.

Nan aka ci karo da cikas na farko. Tsantsar oksijin, wadda duk waɗannan na'urori ke amfani da ita, guba ce idan matsi ya yi yawa. Abin da jiki ke ji shi ne rabon matsin da ya faɗa kan oksijin a cikin cakuɗar iska. A doron ƙasa rabon bar 0.21 ne. Idan ya sauka ƙasa da kamar 0.16 hankali ya fara gushewa, mutum ya suma ba tare da ya ji wata alama ba. Idan ya haura 1.6 ƙwaƙwalwa tana iya kamuwa da farfaɗiya, kuma farfaɗiya a ƙarƙashin ruwa takan sa mutum ya saki abin da ke bakinsa ya shaƙi ruwa. Mai shaƙar tsantsar oksijin yana kai 1.6 tun a mita 6. Daga 1942 zuwa 1945 likitan sojan ruwa Kenneth Donald ya gudanar da gwaje-gwaje masu ɗimbin yawa a kan sojojin sa-kai, da yawansu har sai da suka yi farfaɗiya. Abin da ya gano ya tayar da hankali: juriyar mutane ta bambanta ƙwarai, mutum ɗaya ma juriyarsa ta yau daban da ta gobe, a cikin ruwa ta fi raguwa fiye da a busasshen ɗakin matsi, aiki kuma yana ƙara rage ta. Rawar leɓe da ake ɗauka gargaɗi ce ba kullum take zuwa kafin farfaɗiyar ba. Sojojin ruwan Birtaniya suka kafa iyakar ƙafa 25, kusan mita 7 da rabi, ga mai tsantsar oksijin.

To, nakiyoyin tashoshin jiragen ruwa sun fi haka zurfi. Mafita ita ce a sirka oksijin da naitirojin. Sai dai da zarar an sirka, wata matsala ta taso. A na'urar tsantsar oksijin, idan jaka ta motse an san oksijin ne ya ragu, a ƙara. A na'urar cakuɗa, jaka tana iya kasancewa cike tam da naitirojin alhali oksijin ya ƙare, mai nutso yana numfashi lafiya lau har ya faɗi. A wancan zamani babu ma'aunin da zai faɗa masa abin da ke cikin jakar. Dabarar da aka yi ita ce a bar cakuɗar tana kwarara cikin jaka ba tsayawa ta wata siririyar kafa, a kan ma'aunin da aka lissafa zai ishi mai aiki tuƙuru, rarar kuma ta fita ta wani bawul mai ƙananan huji da ke farfasa kumfa ya rage masa ƙara. Wannan ita ce na'ura mai rabin rufi. Da irinta ƙungiyoyin share tashoshi, waɗanda ake kira P Parties, suka bi bayan sojojin ƙawance a 1944 da 1945 suna lalube lakar Cherbourg da Antwerp da Bremen da tafin hannu, domin ido ba ya ganin komai a wannan ruwa. A Bremen, a Mayun 1945, George Gosse ɗan Ostareliya ya kwance nakiya mai jin matsi da lalube kawai, aka ba shi lambar George Cross.

Bayan yaƙi Birtaniya ta kafa reshen masu nutson share nakiya a 1952, na'urarsu ta CDBA kuma ta yi shekaru da dama tana aiki. Cakuɗa uku aka tsayar mata: mai oksijin kashi 60 zuwa kusan mita 24, mai kashi 40 zuwa mita 42, mai kashi 32.5 zuwa kusan mita 54. Babu batir, babu waya, babu abin da zai mutu sai bawul da roba. Wannan sauƙi shi ne darajarta, kuma har yau akwai masu nutson da suka fi amincewa da irinta. Amma tana da aibi a ɓoye. Kason oksijin da ke cikin jaka kullum ƙasa yake da na tukunya, kuma yana sauka gwargwadon yadda mutum ke wahala. Wanda ya hawo kusa da saman ruwa da siririyar cakuɗa, yana kokawa da igiyar ruwa, shi ne ya fi kusa da suma. Idan kuma gishiri ko datti ya ɗan toshe kafar kwararar, babu abin da zai sanar da shi.

Ƙasashe da dama sun yi ƙoƙarin gyara wannan aibi ba tare da sun shigo da lantarki ba. Faransawa, da na'urarsu DC55, sun yi jaka biyu, ƙarama cikin babba, yadda duk numfashi ƙaramar za ta zubar da wani kaso tsayayye, a maye gurbinsa da sabuwar iska. Wanda ya ƙara aiki ya ƙara numfashi, sabuwar iska ta ƙaru da kanta. Kamfanin Interspiro na Suwidin shi ma ya ɗaure shigowar iska da yawan numfashin mai nutso. Kanada ta bi wata hanya da na'urar CUMA, wadda aka gwada a cibiyar DCIEM ta Toronto: oksijin yana kwarara a kan ma'auni ɗaya, hiliyam kuma yana ƙaruwa gwargwadon zurfi, har zuwa mita 81. Shigowar hiliyam tana da dalili. Naitirojin yana bugar da mutum idan an wuce mita 30, a mita 50 kuwa tunani ya yi nauyi sosai, abin da ba a so ga wanda ke tsugune gaban nakiya. Iska kuma tana yin kauri da zurfi har jan ta cikin tiyo ya zama aiki. Hiliyam ba ya bugarwa, kuma ba shi da nauyi. Aibinsa tsada, da sa murya ta koma siririya, da buƙatar jadawalin hawowa na musamman.

Babban sauyi ya zo ne da ƙaramin ma'aunin oksijin na lantarki a ƙarshen shekarun 1960, lokacin da Walter Starck ya fitar da na'urar Electrolung. Ma'aunin da aka fi amfani da shi daga baya wani ɗan batir ne mai dalma a ciki, wanda ƙarfin wutarsa ke hawa da sauka tare da rabon oksijin. Da shi na'ura za ta iya rufewa gaba ɗaya: ƙwaƙwalwar lantarki tana karanta ma'auni, idan oksijin ya sauka ƙasa da inda aka saita ta buɗe bawul ta fesa kaɗan. Sojojin ruwan Amurka suka ɗauki wannan tsari a na'urar Mk 15, sannan Mk 16 a shekarun 1980, wadda musamman don masu kwance nakiya aka yi ta. Samfurin Mk 16 na farko yana riƙe oksijin a 0.75, na baya a 1.3, kuma da hiliyam tana kai ƙafa 300, kusan mita 91. Tunda rabon oksijin ba ya canzawa, tsofaffin jadawalan hawowa ba su yi daidai da ita ba, sai da Edward Thalmann na cibiyar gwajin nutso ta sojan ruwa ya tsara sabon lissafi. Birtaniya ma daga baya ta koma ga na'urar lantarki, CDLSE, ta kamfanin Divex na Aberdeen.

A nan buƙatar jiki da buƙatar ɓuya suka yi karo sosai. Duk wayar da wuta ke bi tana haifar da maganaɗisu. Bawul ɗin lantarki na yau da kullum, naɗin waya ne da ɗan ƙarfe a tsakiya, wato maganaɗisu ne tsantsa, kuma yana yin ƙas duk sanda ya buɗe. Batir da yawa suna da kwanson baƙin ƙarfe. Saboda haka masu ƙira suka shiga bin na'urar gaɓa-gaɓa. Tukwanen Mk 16 ƙwallaye ne na wani gamin ƙarfe mai suna Inconel. Sauran sassa ana yin su da tagulla, ko taitaniyam, ko roba mai tauri. Wayoyi ana murɗa su bibbiyu domin maganaɗisun mai zuwa ya kashe na mai komawa, wutar kuma a rage ta iya raguwa. Ƙawancen NATO yana da ƙa'idojin da suka iyakance yawan maganaɗisu da ƙarar da kayan kwance nakiya za su fitar, kuma kafin aiki ana bin na'urar da mai nutson kansa da ma'aunin maganaɗisu, har wuƙarsa da agogonsa da zif ɗin rigarsa. Ƙusa guda da wani makaniki ya musanya da na kasuwa ya isa ya soke duk wannan ɗawainiya. Shi ya sa kayan gyaran irin waɗannan na'urori suke da tsadar da mai kallo daga waje zai ɗauka zalunci ne.

Lantarkin kuma ya zo da nasa haɗarin. Ma'aunin oksijin yana tsufa, kuma tsufansa na da yaudara: a doron ƙasa ya nuna daidai, a ƙasan ruwa ya kasa haura wani mataki, na'ura ta ɗauka oksijin ya yi kaɗan ta yi ta ƙarawa har ya kai matakin farfaɗiya. Maganin da aka saba shi ne a sa ma'auni uku, idan ɗaya ya saɓa wa biyu a yi watsi da shi. Amma uku da aka saya rana ɗaya, aka ajiye wuri ɗaya, suna iya tsufa tare, biyu marasa lafiya su rinjayi mai gaskiya. Raɓar numfashi ma takan kwanta a fuskar ma'auni ta rage masa saurin ji. Don haka Mk 16 take da ƙaramar fitila a gefen gilashin fuska mai nuna kore ko ja, da wani allo na biyu da ke nuna kowane ma'auni shi kaɗai, da bawul na hannu da mai nutso zai ƙara iska da kansa idan ƙwaƙwalwar ta mutu. Sababbin na'urori suna ɗauke da wata tukunya ta daban da za a koma kanta idan komai ya lalace, ko da za ta yi kumfa.

Gwangwanin tsotse kabon shi ne sashen da ya fi kama da abin raini, shi ne kuma ya fi buƙatar kula. Sinadarin cikinsa galibi farar ƙasa ce da aka gauraya da ɗan soda, aka yi ta tsaki-tsaki. Mai cika shi yana zubawa kaɗan-kaɗan yana bubbuga gefe, kamar yadda mai awon hatsi ke yi wa kwano, domin tsakin ya zauna daram. Idan aka bar gurbi, numfashi zai sami hanyar da ta fi sauƙi ya wuce ba a tace shi ba. Idan aka danna da yawa, jan numfashi ya yi wuya. Ruwan sanyi yana rage wa sinadarin ƙarfi sosai, zurfi ma haka, don haka awannin da aka rubuta a takarda ba sa aiki sai an san zafin ruwan da aka yi gwajin a ciki. Idan ruwa ya shiga gwangwanin, abin da zai taho baki ruwan soda ne mai ƙona harshe da maƙogwaro. Taruwar kabon a jiki tana kawo haki da ciwon kai da rikicewar tunani, tana kuma gaggauta farfaɗiyar oksijin. Auna ta a cikin iska mai cike da raɓa abu ne mai wuya, shi ya sa wasu na'urori suke bin ɗumin da sinadarin ke fitarwa yayin aiki don a ƙiyasta inda ya rage.

Wurin da aka sa jaka shi ma yana da tasiri. Idan tana baya, mai nutson da ya kifa ciki zai ji shaƙa ta yi masa nauyi. Idan tana ƙirji, fitarwa ce za ta yi nauyi, kuma ta tare masa hannu. Kafin a ba ɗan Adam sabuwar na'ura, ana ɗaura ta a kan injin da ke kwaikwayon huhu, a cikin tankin matsi mai ruwan sanyi, ana auna wahalar kowace shaƙa a zurfi daban-daban ana kuma zuba mata kabon har sinadarin ya gaza. Cibiyar gwajin sojan ruwan Amurka da ke Panama City a Florida tana cikin wuraren da suka shahara da wannan aiki.

Tun daga yaƙin Iraƙi na 2003, inda aka yi amfani da ƙananan jiragen ƙarƙashin ruwa marasa matuƙi wajen share hanyar tashar Ummu Ƙasr, ake cewa kwanan mai nutso ya ƙare. Gaskiya ne injuna sun karɓi mafi yawan aikin nema, kuma akwai irin su SeaFox da ake turawa su fashe tare da nakiya. Amma cikin tasha mai cike da tarkace, da ƙarƙashin gadar jirage, da ruwa maras zurfi inda igiya ke dukan gaɓa, na'urar sauti takan ruɗe. Haka kuma nakiyar da ake son a fito da ita lafiya don a san sirrinta, kamar yadda Ouvry ya yi, ko wadda ke kwance kusa da bututun mai inda ba a iya fasa ta, sai hannun mutum. Barazanar ma ba ta ragu ba. Nakiya mai araha ta kusa nutsar da jirgin yaƙin Amurka Samuel B. Roberts a 1988, wasu kuma suka lalata Tripoli da Princeton rana ɗaya a Fabrairun 1991. A tekun Baltik har yanzu ana tsamo nakiyoyin yaƙe-yaƙen duniya biyu kowace shekara, a Janairun 2024 kuma Turkiyya da Romaniya da Bulgeriya suka sa hannu kan yarjejeniyar share Bahar Aswad tare.

Na'ura mai rabin rufi ta fi juriya da sauƙin gyara, ta lantarki ta fi zurfi da daɗewa da shiru, kuma babu wadda ta kawar da ɗayar gaba ɗaya. Rundunar da za ta sayi ko wacce daga ciki, kuɗin na'urar shi ne mafi ƙanƙanta a lissafinta. Sauran yana tafiya ne ga sababbin ma'aunai kowace shekara, da sinadarin da bai sha iska ba, da hiliyam, da ɗakin matsi a kan jirgi don jinyar wanda ya hawo da gaggawa, da makanikan da ba sa musanya ƙusa, da horon da ake maimaitawa har mai nutso ya iya rufe bawul ɗaya ya buɗe wani cikin baƙin ruwa ba tare da ya tsaya tunani ba. Rundunar da ba za ta iya ɗaukar wannan nauyi ba, gara ta bar na'urar a kanti.